Kitsen Hanta: Wane Gwajin Jini Ne Ke Faɗa Mana Gaskiya?

A watan Yuni na shekarar 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai, Amurka da Latin Amurka suka ba da sanarwa a birnin Viyana na ƙasar Austiriya cewa sun sauya sunan wata cuta wadda aka daɗe ana kira "kitsen hanta wanda ba giya ce ta kawo shi ba". Sabon sunan, wanda ake taƙaitawa da haruffan MASLD, ya ɗora cutar a kan ƙiba, ciwon sukari, hawan jini da yawan maiƙo a cikin jini. Wata tara bayan haka, wato a Maris 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko na wannan cuta mai suna resmetirom, kana a Agusta 2025 ta ƙara da na biyu, wato semaglutide, wanda dama masu sukari da masu ƙiba suke amfani da shi.

Abin lura shi ne, sa'ad da hukumar ta amince da maganin farko ba ta gindaya sharaɗin sai an tsaga an ɗebo tsokar hanta kafin a ba majiyyaci ba. Ke nan nauyin gano wanda ke cikin haɗari ya koma kan gwajin jini da na'urar auna taurin hanta. Wannan shi ya sa zancen alamomin da ake nema a cikin jini ya zama babban batu a tsakanin likitocin duniya a 'yan shekarun nan.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwanmu da abin da ake yi a Viyana. To, ruwanmu kuwa babba ne. A garuruwanmu wuraren ɗaukar hoton ciki sun yawaita, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ɗan'uwa yakan fito da takarda a hannu an rubuta masa cewa hantarsa tana da kitse. Wani ya firgita ya sayar da akuyarsa ya sayi maganin wanke hanta, wani kuwa ya cusa takardar a ƙarƙashin katifa domin an ce masa gwajin jininsa lafiya lau. Dukansu biyu sun ɓata hanya, gama ba a gaya musu tambayar da ta kamata su yi ba. Tambayar ita ce: kitsen nan ya riga ya bar tabo a hanta, ko kuwa bai kai ga haka ba?

Yadda cutar take tafiya

Likitoci suna cewa hanta tana da kitse idan maiƙo ya taru a cikin fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta. Wani babban lissafi da aka buga a 2016 ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na manyan duniya yana da shi, lissafin 2023 kuwa ya kai wajen kashi 30 cikin 100. A tsakanin masu ciwon sukari irin na manya, fiye da rabi suna ɗauke da shi. Lissafin 2016 ya ba nahiyar Afirka kashi 13 da ɗoriya, mafi ƙanƙanta a duniya, amma binciken da aka dogara a kai daga nahiyarmu kaɗan ne ƙwarai, sa'an nan tumbi da sukari ƙaruwa suke yi a biranenmu kowace shekara.

Yawancin masu kitsen hanta ba hantar ce za ta kashe su ba. Abin da ya fi kashe su shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, domin tushensu ɗaya ne. Amma a wasu mutane kitsen yakan jawo kumburi, kumburin ya riƙa kashe ƙwayoyin hanta, jiki kuma ya riƙa cike gurbin da tabo kamar yadda gyambo yake warkewa ya bar fata mai tauri. Likitoci sun kasa tabon kashi biyar, daga 0 zuwa 4. Mataki na 4 shi ne ƙangarewar hanta, inda ciki yake cika da ruwa, idanu su yi shawara, mutum ya yi aman jini, wani lokaci kuma ciwon daji ya biyo baya. Bincike ya tabbatar cewa matakin tabon shi ne ya fi kowane abu nuna wanda zai shiga wahala nan gaba.

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin hanta kuwa fuska ba ta ba da shi sai aiki ya lalace. Mutum yana iya kaiwa mataki na 3 yana noma, yana zuwa ofis, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ba ya jin komai sai 'yar gajiya.

Zargin da ya daɗe

Kafin mu shiga batun gwaji, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu bi. A shekarar 1980 Dokta Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka bayyana majiyyata 20 waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya, alhali ba mashaya ba ne. Yawancinsu mata ne masu ƙiba, da dama kuma suna da sukari. Kafin wannan lokaci likitoci sukan matsa wa irin waɗannan mutane lamba su amsa cewa suna sha a ɓoye.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma a unguwanninmu zargin bai mutu ba. Da an ji dattijon ikilisiya ya kwanta da ciwon hanta sai a fara raɗa, ashe dama yana leƙa gidan burkutu. In mace ce, sai a ce jifa ne ko sammu. Mun san labarin abokan Ayuba waɗanda suka zauna suna neman laifin da ya jawo masa masifa, mun kuma san yadda almajirai suka tambayi Ubangijinmu a kan makahon nan ko zunubin wa ya jawo masa, a sura ta tara ta Bisharar Yohanna, da amsar da ya ba su. Giya tana lalata hanta, wannan babu musu, kuma ikilisiya ba za ta daina gargaɗi a kanta ba. Amma wanda bai taɓa kai ƙoƙo bakinsa ba yana iya mutuwa da ƙangararriyar hanta saboda sukari da tumbi, ko saboda ƙwayar cutar hanta ta B da ya samu tun yana jariri. Mu yi hattara da shaidar zur a bakin gadon majiyyaci.

Gwajin da muka saba da shi

Idan likita ya ce a je a yi gwajin hanta, yawanci abin da ake aunawa shi ne wasu sinadarai da ke zaune a cikin ƙwayoyin hanta, waɗanda sukan zubo cikin jini idan ƙwayoyin sun ji rauni. Manyansu su ne ALT da AST, sai kuma GGT. Yawancin ɗakunan gwaji suna rubuta cewa ALT lafiya yake in bai wuce 40 ba, ko da yake likitocin hanta na Amurka suna ganin abin da ya wuce 30 ya isa a sa ido.

Matsalar ita ce waɗannan sinadarai suna ba da labarin raunin da ake ji yau ne, ba sa ba da labarin tabon da ya taru cikin shekaru ashirin. Wani bincike da aka yi a birnin Dalas na Amurka aka buga a 2004 ya auna kitsen hantar mutane fiye da 2,000 da na'ura ta musamman, ya tarar cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda ke da kitsen, ALT ɗinsu bai nuna komai ba. Abin da ya fi wannan ban tsoro, hantar da ta riga ta ƙangare tana iya nuna ALT mai kyau, domin ƙwayoyin da za su zubar da shi sun ragu. Saboda haka kalmar "gwajinka lafiya lau" ba ta isa ta kwantar da hankalin mai sukari ba.

Hoton ciki kuma, wato sikanin da muka sani, yana ganin kitse ne kawai in ya yi yawa, kuma ba ya iya faɗin matakin tabo sai an kai ƙarshe. Ya dogara ƙwarai a kan idon mai ɗauka. Hanyar da ta fi tabbaci a da ita ce a soka allura a ɗebo ɗan tsokar hanta a duba, amma abin da allurar take ɗebowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, yana da ciwo, yana iya jawo zubar jini, sa'an nan sai a manyan asibitocin koyarwa ake samun mai yi da mai karantawa. Ba a iya yi wa kashi uku cikin goma na jama'a wannan.

Lissafin da ba ya bukatar sabuwar na'ura

A nan ne labari mai daɗi yake. Likitoci sun lura cewa sa'ad da tabo yake ƙaruwa, abubuwa biyu suna faruwa a jini. Na ɗaya, AST yana hawa ya kamo ALT ko ya wuce shi. Na biyu, ƙananan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet, suna raguwa, domin hanta mai tauri tana tare hanyar jini, saifa ta kumbura ta riƙe su, kuma hantar ce dama take yin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera su. Daga nan aka haɗa wani lissafi mai suna FIB-4 a shekarar 2006, da farko domin masu ɗauke da ƙwayar HIV tare da ciwon hanta na C, daga baya aka ga yana aiki a kan masu kitsen hanta.

Abu huɗu kawai yake bukata: shekarun mutum, AST, ALT da yawan filatilet, wanda yake fitowa a gwajin ƙirgar jini da ake yi kullum. Ana ninka shekaru da AST, sai a raba da abin da aka samu in an ninka filatilet da tushen ALT, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ALT ɗin. Alal misali, mu ɗauki mace mai shekara 50, AST 25, ALT 25, filatilet 280. Shekara 50 sau 25 ya ba da 1,250. Tushen 25 shi ne 5, kuma 280 sau 5 ya ba da 1,400. In aka raba 1,250 da 1,400 za a samu 0.89. Mu sake ɗaukar namiji mai shekara 55, AST 40, ALT 36, filatilet 200. Nasa 2,200 ne a raba da 1,200, wato 1.83. Ka lura, a takardar ɗakin gwaji lambobin wannan mutum duka suna cikin iyaka, babu wanda za a ja wa jan layi, amma lissafin ya ce a ƙara dubawa.

Ga yadda ake fassara sakamakon. In bai kai 1.3 ba, da wuya a ce akwai tabo mai tsanani, sai mutum ya kula da cinsa da sukarinsa a sake aunawa bayan shekara ɗaya zuwa uku. In ya wuce 2.67, a tura shi wurin likitan hanta ba tare da ɓata lokaci ba. In yana tsakani, ana bukatar gwaji na biyu. Ga wanda ya haura shekara 65 ana ɗaga iyakar ƙasa zuwa 2.0, domin tsufa kansa yana hau da lissafin. Ga wanda bai kai 35 ba kuwa ba a dogara da shi. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka a 2023, da ƙungiyoyin hanta, sukari da ƙiba na Turai a 2024, duk sun sa wannan lissafi a matsayin matakin farko, ƙungiyar likitocin sukari ta Amurka kuma tana ba da shawarar a yi wa manya masu ciwon sukari ko da ALT ɗinsu bai hau ba.

Ƙarfin FIB-4 yana wajen sallamar waɗanda ba su cikin haɗari ne. In ya yi ƙasa, ana iya gaskata shi sosai. In ya yi sama, bai yanke hukunci ba tukuna, ƙararrawa ce kawai. Gwaji na biyu iri biyu ne. Akwai na'urar FibroScan ta wani kamfanin Faransa, wadda ake ɗorawa a haƙarƙari ta auna taurin hanta cikin 'yan mintoci, inda abin da bai kai 8 ba yake kwantar da hankali. Akwai kuma gwajin jini mai suna ELF wanda yake auna sinadarai uku da jiki ke fitarwa sa'ad da yake gina tabo. Ingila ta sa shi cikin shawarwarinta tun 2016, Amurka ta amince da shi a 2021. Dukansu biyu sai a manyan birane, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Inda lissafin yake tuntuɓe a ƙasarmu

Ba za mu ɓoye wa masu karatu cewa an ɗinka wannan riga a jikin wasu ba ne. Mutanen da aka gwada FIB-4 a kansu yawanci 'yan Turai ne, da Amurka da Asiya, inda zazzaɓin cizon sauro bai yi yawa kamar a nan ba. A wurinmu kuwa zazzaɓin yana cikin manyan abubuwan da ke rage filatilet. Mu koma ga matar nan mai 0.89. In aka ɗebi jininta a watan Agusta tana fama da zazzaɓi, filatilet ɗinta ya sauka zuwa 100, lissafin zai tashi zuwa 2.5 ba tare da hantarta ta canza ko kaɗan ba. In AST ya ɗan hau saboda zazzaɓin, ta haye 2.67 ke nan. Wanda bai sani ba sai ya gaya mata hantarta ta lalace.

Haka nan tsargiyar hanji, wadda masu kamun kifi da masu noman rani suke ɗauka a ruwa, tana kumbura saifa ta rage filatilet alhali ƙwayoyin hantar suna aiki. AST kuma ba a hanta kaɗai yake ba, yana cikin tsoka da jajayen ƙwayoyin jini, don haka mai sikila ko wanda ya wuni yana huɗa da garma yana iya nuna shi sama. Maganin tarin fuka da wasu magungunan gargajiya su ma suna hau da ALT da AST. Ka'idar dai ita ce, ba a yin wannan lissafi a kan mai zazzaɓi ko wanda ke kwance. Sai a jira ya warke da 'yan makonni.

Muna da darasi daga ciwon hanta na B. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe matalauta shawarar su yi amfani da wani lissafi makamancin wannan mai suna APRI, wanda ke haɗa AST da filatilet, ta ce in ya wuce 2 to hanta ta ƙangare. Da likitocin Afirka suka tattara bayanan majiyyata fiye da 3,000 daga ƙasashe takwas suka buga a 2023, sai aka ga wannan iyaka ba ta kama ko mutum 2 cikin 10 na masu ƙangararriyar hanta. A 2024 hukumar ta sauke iyakar fara magani zuwa 0.5. Tun kafin nan, masu bincike a Gambiya sun fito da nasu lissafin mai haɗa GGT da filatilet, suka gwada shi a Senegal da Faransa, aka buga a 2016, ya kuma fi APRI da FIB-4 dacewa da masu ciwon B na Afirka ta Yamma. Wannan ya nuna cewa ma'aunin da aka yanka a wata ƙasa yana bukatar a sake gwada shi a gida. Asibitocin koyarwa na Zariya, Jos, Kano da Maiduguri suna da aiki a gabansu na tabbatar da iyakokin FIB-4 a kan masu kitsen hanta na ƙasar nan. Kafin su gama, lissafin da ke hannu ya fi zama cikin duhu, muddin mai amfani da shi ya san raminsa.

A fara da ciwon B

Akwai kuskuren da ya kamata mu guje wa, wato mu bi yayin Turai mu manta da abin da ya fi cinye mu. Babban binciken gida-gida da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ta B, kashi 1.1 kuma ta C. A majami'ar da manya 500 suke taruwa, wannan kusan mutum 40 ke nan. Duk wanda aka ce hantarsa tana da kitse, ko ALT ɗinsa ya hau, gwajin farko da ya kamata a yi masa shi ne na B da na C, wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa. In kitse ya haɗu da B, ko da giya, ko da gubar nan ta aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, lalacewar takan yi sauri. Allurar rigakafin B ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Zumuntar mata tana iya sa ido a kan wannan fiye da kowa.

Kasuwar wanke hanta

Inda jama'a suke cikin tsoro kuma likita ya yi nisa, 'yan kasuwa ba sa barci. Muna ganin masu yawo da wata ƙaramar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, mutum ya riƙe wani ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, sai ta fito da takardu wai ta auna hanta, ƙoda da zuciya. Babu ɗigon jini, babu hoto. Kusan kowa sai an ce hantarsa tana da datti, kuma maganin yana cikin jakar mai na'urar. Abin baƙin ciki, sau da yawa a harabar majami'a ake kafa teburin bayan sujada, da sunan taimakon lafiya, shugabanni kuma su yi sanarwa daga bagade da kyakkyawar niyya.

Babu wani shayi, gari ko ruwan kwalba da aka tabbatar yana narkar da kitsen hanta ko goge tabo. Akasin haka, likitoci sun san cewa haɗe-haɗen ganye da ba a san abin da ke ciki ba suna cikin abubuwan da ke ƙona hanta. Wanda ya ba da harabar gidan Allah ga irin wannan ciniki, ya ara wa mai sayarwa amanar da jama'a suka ba ikilisiya.

Mene ne magani?

Maganin nan na Amurka, resmetirom, an fito da shi a kan kimanin dala 47,000 a shekara. A canjin 2024 wannan ya haura naira miliyan 60, wato albashin fiye da shekara 70 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekara. Kuma ko a can, masu tabo na mataki 2 da 3 kawai ake ba. Ba shi ne begenmu ba a yanzu.

Abin da ke hannunmu shi ne abin da bincike ya daɗe da tabbatarwa. Wanda ya rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen yakan ragu. Wanda ya rage kashi 7 zuwa 10, kumburin yakan lafa, har tabon ma yana iya ja da baya. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 zuwa 9 ne. Hanyar kuwa ita ce rage lemon kwalba da sukarin shayi, rage tulin tuwo da shinkafa a yawaita ganye da wake, tafiya a ƙasa da sauri kamar rabin awa a yawancin ranakun mako, barin giya gaba ɗaya, da riƙe maganin sukari da na hawan jini yadda likita ya tsara. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a 2022, amma kuɗin ya yi kaɗan da zai hana kowa saya. Mu kanmu mu dubi bukukuwanmu. Bikin aure, godiya, taron zumunta, bikin girbi, duk akwatunan lemo ne ake jerawa, har ya zama wanda bai kawo ba ana ganin ya yi rowa.

Abin da ya rage gare mu

Ikilisiya a arewacin ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a aikin lafiya. Asibitocin Wusasa, Vom da Garkida, da tsohon asibitin Evangel na Jos wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, sun yi wa Kirista da Musulmi hidima tun kakanninmu. Ƙungiyar asibitocin Kirista ta Nijeriya, wato CHAN, tana nan tun 1973. Yawancin waɗannan wurare suna da ranar ganin masu sukari da hawan jini, suna kuma da ɗakin gwajin da ke iya auna AST, ALT da ƙirgar jini. Abin da ya rage shi ne a haɗa lambobin a yi lissafi, aikin da ma'aikaciyar jinya za ta yi da wayar hannu cikin minti ɗaya.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya na ɗarikokinmu su sa FIB-4 da gwajin B cikin katin kowane mai sukari da ya haura shekara 35, a maimaita a kan kari, a kuma yi shi a lokacin da mutum ba ya zazzaɓi. Su ƙulla hanya da asibitin koyarwa mafi kusa domin wanda lissafinsa ya hau ya san inda za shi da wanda zai gani, kada a ba shi lamba kawai a sallame shi da fargaba. Su kuma ajiye bayanan da kyau, gama daga irin waɗannan katuna ne za a san iyakar da ta dace da jininmu. Majalisun dattawa kuwa su kafa doka cewa babu mai kafa teburin gwaji ko sayar da magani a harabar majami'a sai likita ko ma'aikacin jinya na ikilisiyar ya duba ya amince.

Kai kuma ɗan'uwa mai sukari ko mai tumbi, in ka je asibiti ka tambayi likita da ladabi abu uku: an gwada ni ciwon B da C? Nawa ne filatilet ɗina? In an haɗa da shekaruna, me lissafin tabo ya nuna? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jikin nan amana ce aka ba mu, addu'a da zuwa asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne, tun da Luka mai bishara kansa likita ne. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu hikima da haƙuri. Amin.